Kawu ya ce a maido ɗiyar autanmu daga Amurka, ni anka ɗora wa kai saƙon

'Yar Kabi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda ke zaune Amurka da iyali ko sunka taɓa zama can. Ku yi haƙuri, zancen na da ɗan tsawo.

Mu biyar ne wurin Inna, ni ce babba. Asalinmu Argungu, amma koyarwa nake a nan Birnin Kebbi. Autanmu ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a 2014 ya tafi Amurka digiri na biyu, da ya ƙare ya samu aiki a Houston ta jihar Teksas, a wani kamfani mai hulɗa da harkar mai. Matarsa 'yar Jega ce, mu da kanmu munka je neman aurenta, ba baƙuwa ba ce. Karatun nas ta yi a nan, da ta isa can sai da ta sake zama jarrabawarsu kafin su bari ta taɓa majiyyaci. Yanzu aikin dare take, bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, kwana uku a mako. Ɗiyansu biyu, mace mai shekara 5 da namiji da anka haifa a Satumban 2024.

Haihuwar fari ta faɗo lokacin korona, babu wanda ya samu zuwa. Abin ya tsaya wa Inna a rai, don matar autan marainiya ce, uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Kullum Inna na cewa ɗiyar mutane ta yi haihuwar fari ba goyon ciki, ba wanda ya ɗora mata ko tukunyar ruwan zafi, me za ta ce wa Allah? Da ciki na biyu ya samu sai autan ya nema mata biza. Ta sauka sati biyu kafin haihuwa, da garin kunu, kanwa, daddawa, kuka, yajin jego da turaren wuta. Kilishin kawai anka karɓe a filin jirgi, har gobe tana jimaminsa.

Wata biyar ta yi, ta dawo ana saura 'yan kwanaki azumi. Ta yi ƙiba, ta zo da akwati uku, amma fuskar ba ta mai murna ba ce. A hankali labarin ya riƙa fitowa.

Gidan bene ne na haya, ba tsakar gida balle murhu, ganyen dogonyaro kuwa sai a mafarki. Ruwan zafi ta riƙa tarawa a bahon banɗaki tana gasa maijego da tawul. Sati biyu anka yi yarinyar ta ce ya isa. Kunun kanwa kofi ɗaya ta sha ta ce jininta na hawa, ba za ta ƙara ba. Ranar da Inna ta kunna turare, wata na'ura da ke manne a silin ta ɗauki ƙara kamar za ta tsaga gidan, har maƙwabci ya buga ƙofa yana tambaya ko gobara ce. Tun ranar kaskon bai sake ganin wuta ba. Suna ya faɗo ranar Talata, mu munka yanka rago a Argungu muna nuna musu ta waya, su can ko mutum biyar ba su taru ba, kowa na wurin aiki. Sai Asabar anka yi ɗan taro a zauren masallacinsu, awa uku an watse.

Wanda ya fi ƙona mata rai, kwana biyu da cika arba'in yarinyar ta saka kayan aiki ta koma asibiti. Nono sai ta tatse da inji ta jera a firiji. Inna ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin nonon mutum ajiye kusa da robar miya ba. Ni da na haifi nawa wata uku na yi a gida da albashina cif, shi ya sa har yau ban gane ba: ƙasar da ta fi kowa kuɗi, a ce maijego ba ta da hutu?

Sai kaɗaici. Shi ya fita shida da rabi na safe, ita ta dawo ta kwanta barci, babbar tana makaranta. Ba kiran salla, ba mai talla, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina gajiya. In sun fita a mota ba a bari ta rungumi jaririn, sai an ɗaure shi a kujerarsa ta baya yana tsala ihu. Ta ce ranar da ta fi jin daɗi ita ce ranar da ƙanƙara ta zuba a watan Janairu, don an rufe hanyoyi da makarantu, kowa ya wuni gida. Jikar kuma ba ta jin Hausa sai "zo" da "bari". Gaisuwa a tsaye, ta kalli tsakiyar idon babba, duk abin da anka ce ta yi sai ta tambayi dalili.

Ana cikin haka ɗan Kawu da ke karatu a Dallas ya shigo mota ya zo gaida Inna bai sanar ba, kamar yadda kowane ɗa zai yi. An karɓe shi, ya kwana uku, amma da zai tafi autan ya ja shi gefe ya ce gaba ya riƙa bugo waya tukuna. Yaro ya kira ubansa ya faɗa. Kun san sauran.

Ba zan zalunci ƙanena ba. Duk wata kuɗin Inna na shigowa, shi ya kai ta Makka, shi ke biyan makarantar marayun ɗan uwanmu da ya rasu. Amma waya sai Lahadi, minti goma sha biyar, rabi yana tuƙi. Tun da Inna ta dawo kuma yaron gidan raino ake kai shi, hannun waɗanda ba mu san addininsu ba.

To satin da ya wuce Kawu ya tara mu. Ya yanke cewa a maido babbar wurin Inna ta riƙe ta, a sa ta islamiyya, ta koyi Hausa da gaida mutane, in ta gama firamare ta koma. Ya ce hakan ma sauƙi ne gare su. Ni anka ba saƙon, wai ni na goye shi ba zai yi mini musu ba. Kwana shida ke nan ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Don Allah ku faɗa mini gaskiya, ƙanena da matarsa ne sunka canza, ko zaman can ne haka? Kuma in ku ne za ku kai wanga saƙo?

Ɗan Gusau a Maryland

Wa alaikumus salam Yaya. Shekarata 11 a nan, yarana uku, ni da maiɗakina duk muna aiki. Ina karanta rubutunki ina dariya ni kaɗai, don na'urar hayaƙin nan ta taɓa tona asirin tawa tsohuwar, ita ma turare ne.

Maganar hutun haihuwa, abin da ya ba ki mamaki haka yake. Babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ko asibiti ya biya maijego albashi tana gida. Dokar da ake da ita ita ce FMLA, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993. Mako 12 ta bayar, ba ko sisi, iyakarta aikinki na jiranki kuma inshorar lafiyarki ba za ta yanke ba. Ita ma sai wurin aikin na da ma'aikata 50 zuwa sama, kin yi shekara da su, kin cika awa 1,250 a shekarar. Wasu jihohi sun yi tasu dokar da ke biyan wani kaso, Kaliforniya tun 2004, sai irin su New York da New Jersey. Teksas ba ta yi wa ma'aikatan kamfanoni irin wannan ba. Abin da mata da yawa ke yi shi ne su tara kwanakin hutunsu na shekara, su haɗa da wata inshora da ke biyan wani abu daga albashi na mako 6 in an haihu lafiya, mako 8 in tiyata ce. Lissafa da kanki, mako 6 kwana 42 ne. Kwana biyun da Inna ta ƙirga bayan arba'in, nan kuɗin suka tsaya.

Za ki ce to ta zauna mana, ai mijin na da albashi. Bari in buɗe miki nawa littafin. Hayar gida dala 2,100 duk wata. Gidan rainon ƙaramin ɗana 1,400. Inshorar lafiya ana cirewa tun kafin albashi ya iso hannu, ga bashin mota biyu, don a unguwarmu in ba mota ko burodi ba ka saya. A gida ana jin dala a buga ta da naira a ce wane ya haye, ba a buga kuɗin hayar da ita. Kuɗin Inna da na marayun da kika ambata, ina tabbatar miki akwai gumin aikin daren yarinyar nan a ciki.

Kuma nan ba a aiken ɗiyar maƙwabta ta riƙe miki yaro. A Maryland doka ce, ba a barin yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai, mai tsaronsa kuma sai ya kai 13. Maƙwabci na iya kiran lambar gaggawa ta 911, hukumar kare yara ta zo ta buga miki ƙofa. Mai aiki kuwa da awa ake biyanta, mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, kuma ba mai rainon da za ta kalle ki a wannan kuɗin. Makarantar gwamnati kyauta ce daga shekara 5, amma wajen ƙarfe uku an tashi, iyaye na ofis har biyar, wannan tsakanin ma biya ake. Gidan rainonmu shida suke rufewa, kowane minti ɗaya na latti dala ɗaya. Shi ya sa kike jin ƙanenki kullum a mota. Game da waya kuma, tsakanin Houston da Kabi awa 6 ne, daga Nuwamba zuwa Maris ya koma 7 saboda canjin agogo da ake yi. Sanda ya shigo gida ya yi magariba, Inna ta yi nisa da barci.

Ɗan Kawu, a gaskiya da ni ne zan tausasa harshe fiye da haka, amma dalilin a fili yake. Gida mai ɗaki biyu, Inna na ɗaya, matar gida na barcin rana don za ta kwana tsaye, baƙo namiji a falo. Takardar haya ma sau da yawa ta ƙayyade kwanakin da baƙo zai yi. A nan ko uwa za ta je gidan ɗanta sai ta kira, ba a ɗaukarsa wulaƙanci.

Kada kuma a ce Inna ta riƙa zirga-zirga. A Yulin 2025 aka rage wa 'yan Najeriya yawancin bizar ziyara zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, kuma dokokin ƙara tsauri suke. Mai katin zama na dindindin ba ya iya ɗauko iyayensa su zauna, sai wanda ya zama ɗan ƙasa. Baƙo tsoho kuma inshorar Medicare ta 'yan shekara 65 ba ta shafe shi ba, kwana ɗaya a gadon asibiti na iya cinye kuɗin fili a Gusau.

Saƙon Kawu dai, ki sani ba a hannun ƙanenki kaɗai yake ba. Yarinyar haihuwar nan ce, fasfonta na Amurka ne, na yaro ƙasa da shekara 16 kuma shekara 5 yake yi, ba a sabunta shi sai da amincewar uwa da uba duka. Ni ba zan kai shi da sunan hukunci ba. Kuma a matsayina na Bazamfare dole in faɗa: yarinya mai Turancin Amurka a baki, gari ya san ubanta na waje, a halin da hanyoyinmu ke ciki, ku sa wannan a ma'auni.

Baba Alhaji, Talata Mafara

Ɗiyata, na ji bayanin wanga yaro na Maryland, kuma ya yi ƙoƙari, amma duk lissahin kuɗi na. Kawunku ba lissahi ya kai shi ga magana ba.

Ni riƙo na tashi. Ina da shekara shida anka kai ni Kaura Namoda wurin ƙanen babana, can niy yi allo, can anka yi min aure, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Ɗa na kowa na. Mutanenmu ba don ƙiyayya sunka ƙirƙiro riƙo ba, igiya ta da ke ɗaure gida da gida. Yau ɗiya ba ta jin Hausa, gobe in tsohuwa ta kwanta dama wa za ya yi mata addu'a da sunan kaka? Kuɗin da shika aikowa Allah shi saka mai, amma zumunta a ƙahwa take, ba a asusun banki ba.

Sai dai in hwaɗi gaskiya ko da a kaina. Ɗana na Abuja, shi da matatai duk ma'aikata, gidansu na da gyet da maigadi. Watan jiya nit tahi ganin likita, sai da anka kira shi a waya kahin a buɗe min. Jikokina Turanci suka yi min, sun hi son waya da hira da ni. Abuja fa, ba a ƙetare ruwa ba. To ban san ko Amurka za mu zarga ba ko zamani.

Abin da ban yarda da shi ba shi na a ce dattijo ya yi magana a naɗe ta a aje. Ki kai saƙon yadda anka ba ki, ki ce Kawu na yac ce, ba ke ba. In ya ƙi, shi kira kawunai da bakinai shi ba shi haƙuri. Kuma shi ba shi haƙuri kan maganar ɗanai, don ni a ganina can ciwon yake, ɗiyar nan hanya ce kawai anka samu.

Maman Biyu, 'yar Yawuri a Ohio

Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Yaya, ni ma nas ce, aikin dare nake kamar matar ƙanenki, don haka ki yi haƙuri in na ɗan yi zafi.

Na karanta daga sama har ƙasa. An ji ta bakin Inna, an ji ta Kawu, za a ji ta autan. Uwar yarinyar fa? Mace ta yi naƙudar fari ita kaɗai lokacin korona, ta raini ɗiyarta shekara biyar tana kwana tsaye a kan marasa lafiya, sai a tara taro a Argungu a yanke inda ɗiyar za ta zauna ba a ko kira ta ba? Kin ce marainiya ce. Wadda ta tashi ba uwa ita za a ce ta miƙa tata ɗiyar?

Aikin daren nan da yawanmu da gangan muka zaɓe shi, don a samu ɗaya a gida in ɗaya ya fita. Ina dawowa takwas saura, in shirya yara, in kwanta tara, in tashi biyu da rabi in tari motar makaranta. Barcin awa biyar ke nan a rana mai kyau. Ni da maigidana wani lokaci a bakin ƙofa muke gaisawa.

Kunun kanwa kuma kada Inna ta riƙe ta da shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama matanmu bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai hawan jini da ta ce kofi ɗaya ya ishe ta, ilminta ta yi aiki da shi, ba raini ba ne. Sati biyun da ta yi tana wankan ma don girmama Inna ne, na tabbata.

Wani abu da nake so mutanen gida su daina faɗa shi ne wai Turawa ba su da zumunci. Suna da shi, fasalinsa ne daban. Rabin abokan aikina kakanni ne ke ɗauko musu yara daga makaranta. Akwai wadda ke tuƙin awa biyu duk Asabar ta yi wa mahaifinta wanka da cefane. Bikin Godiya da suke yi Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, filayen jirgi cika suke kamar tashar mota ana gobe Salla, kowa zai je cin talotalo gidan tsohuwarsa. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Meziko kuwa, kaka da jika a gida ɗaya ba abin mamaki ba ne. Bambancin, su danginsu na nan kusa. Mu namu na bayan teku. Ƙanenki da matarsa aikin mutum goma suke yi su biyu.

Inda zan ba su laifi shi ne Hausa. Wannan sakacinsu ne, ba na Amurka ba. A gidana doka ce, ka yi mini Turanci ban ji ba. Yarana na zuwa islamiyya Asabar da Lahadi a masallaci, kuma wani malami daga Sakkwato na yi musu ƙari ta WhatsApp sau uku a mako, ina biyansa da naira. Kallon ido da tambayar dalili kuma a makaranta ake koya musu, a nan yaron da ke sunkuyar da kai in babba na magana ana zaton ƙarya yake ko wani abu na damunsa. Nawa sun san na malamarsu daban, na kakarsu daban, in an kira Yawuri har ƙasa suke durƙusawa da wayar a hannu. Koyarwa ce kawai, kuma shekara 5 ba a makara ba.

Bature Ɗan Tsafe

Ni aka yi wa abin da kuke shirin yi. A Amurka aka haife ni, ina shekara 6 aka kawo ni wurin kakata, aka ce shekara uku, ta koma goma sha biyu. Na sauke Alƙur'ani, Hausa ta zauna, laƙabin nan ma a makarantar allo na samo shi. Ina son kakata fiye da kowa, Allah ya jiƙanta. Amma har yau in zan kira mahaifiyata sai na shirya abin da zan faɗa, kamar zan shiga ofis. Ƙannena da suka tashi a gabanta suna faɗa mata a jiki suna wasa, ni ina tsaye kamar baƙo. Ba na cewa an cuce ni. Ku dai sani akwai abin da ake biya, kuma yarinyar ce za ta biya.

'Yar Kabi, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka ta ƙarshe ta same ni, don da na tuna, Kawu bai taɓa zancen jikar nan ba sai bayan abin da ya faru da ɗansa.

Maman Biyu, kin yi zafi amma kin yi daidai. Jiya da na taso makaranta na kira matar, ba shi ba, wajen biyu da rabi namu, ita ta shigo gida ke nan daga aiki. Kunya ta kama ni, don tun da anka kai ta ban taɓa kiranta haka kawai ba sai in ana barka ko gaisuwar Salla. Mun yi kusan awa guda. Ashe ranar da Inna za ta taho kuka ta yi a filin jirgi har autan ya rasa wadda zai rarrasa. Ta ce wata biyar ɗin nan ne kaɗai ta san daɗin uwa, ta dawo aiki ta tarar da tuwo a kula. Ita a zatonta Inna ce ta gaji da su. Inna kuma a zatonta ta zame musu nauyi. Wata biyar a gida ɗaya, kunyar surukuta ta hana kowa buɗe baki.

Na faɗa mata saƙon Kawu yadda yake, na ce ba nawa ba ne. Ta yi shiru har na zata layin ya yanke, sannan ta ce "Yaya, ku ce in yi komai ban da wannan." Ban ƙara ko kalma a kai ba.

Da dare na je wurin Inna na tambaye ta ita da bakinta, tana son a kawo mata yarinyar? Ta ce ita da gwiwar nan tata ina za ta iya bin yarinya mai tambayar dalili. Abin da take so, in ta yi magana jikarta ta gane, ta amsa.

Abin da munka tsayar da matar, in autan ya yarda: hutunsu na makaranta yana kamawa daga farkon Yuni zuwa Agusta, za ta nemi sati uku ta zo da yaran, su sauka gidana a Birnin Kebbi ba Argungu ba, ba tare da an yi shela ba. Ta kuma ce in nemo malama mace da za ta riƙa yi wa yarinyar karatu ta waya, akwai wata a islamiyyar unguwarmu da nake tunani. Shi kuma zan sa shi ya kira Kawu ranar Lahadi, wannan ko yana so ko ba ya so. Kawu dai na sani ba zai ce ya janye ba, ba halinsa ba ne.

Ɗan Gusau, tunda damina za su zo, yaran da ba su taɓa sanin cizon sauro ba, maganin kariya daga zazzaɓi can likitansu ke rubutawa kafin su taso ko nan za mu saya? Kuma wata nawa kafin tafiya ya kamata su yanki tikiti?